Littafin Kawu da wayar hannuna

A watan Mayun 2022 na yi fushi da Kawu har na yi sati biyu ban je gaishe shi ba. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma ya fi shekara ashirin yana riƙe da muƙami a jam'iyya a matakin mazaɓarmu a cikin birnin Kano. Ni kuwa a lokacin ina cikin samarin da suka tsaya wa wani matashi mai neman kujerar majalisar jiha. Mun yi wata huɗu muna tallata shi a Facebook da Twitter, da kuɗin datarmu, ba wanda ya ba mu sisi. Mu muka rubuta masa manufofinsa kan makarantun firamare da magudanan ruwa. Duk abin da muka ɗora sai ka ga ɗaruruwan mutane suna cewa sai shi.

Ana gobe zaɓen fidda gwani, da daddare, aka kira shi wani gida aka ce an yi masalaha, ya janye. Da safe daliget suka shiga suka tabbatar da wanda manya suka nuna. Ko ɗayanmu ba a bari ya wuce ƙofa ba, domin ba mu da suna a takarda. Kawu yana cikin waɗanda suka shiga.

Da na huce na same shi a soro bayan la'asar, na ce, "Kawu, wannan zalunci ne, kun sayar da mu." Bai yi faɗa ba. Ya jawo wani tsohon littafi mai bango baƙi, an ɗaure shi da roba, ya buɗe. Sunayen mutane ne akwati-akwati, layi-layi: wanda ke da katin zaɓe, wanda ya tashi daga unguwa, matar da za ta iya fito da matan gida goma, dattijon da sai an kai shi rumfa a Adaidaita. Ya ce, "Ɗana, ranar da aka yi zaɓen shugabannin mazaɓa kana ina? Ranar aka zaɓi waɗanda suka yanke maka hukunci. Akwati nawa ka taɓa tsarewa har aka gama ƙirga?"

Ba ni da amsa, kuma maganar ta zauna mini. A Najeriya akwai rumfunan zaɓe sama da 176,000 a mazaɓu 8,809, Kano kaɗai tana da mazaɓu 484. A kowace rumfa sai jam'iyya ta ajiye ejan da zai wuni a rana, ya sa hannu a takardar sakamako ta EC8A, ya karɓi kwafinsa, ya bi shi har wurin tattarawa. Wannan aikin su Kawu suka iya, mu kuwa ba mu taɓa gwada shi ba. Kuma tun kafin a je nan an gama rabin zance. A 2022 daliget 371 ne suka ba Atiku takarar PDP, 1,271 suka ba Tinubu ta APC, a ƙasar da ke da masu rajistar zaɓe sama da miliyan 93. A shekarar, fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 aka sayar da shi a APC, miliyan 40 a PDP. Mun yi murna a 2018 da Buhari ya sa hannu kan dokar da ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25, amma dokar ba ta taɓa kuɗin fom ba, ba ta taɓa daliget ba.

Duk da haka ban yarda da Kawu a kan komai ba, kuma na faɗa masa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda manyan jam'iyya ke kallonmu. A wurinsu mu sojojin baka ne kawai waɗanda suka koma waya: a saya maka data, a ba ka hoton oga ka yaɗa, ka zagi abokin hamayya. Ranar da ka tambayi ina kuɗin aikin mazaɓa ya shiga, ka zama marar tarbiyya. Na san samari masu ilimi da suka bar siyasa gaba ɗaya saboda wannan raini. Kawu ma da kansa, da duk littafinsa, ba a tuna shi sai zaɓe ya ƙarato, shi ya sa abin da ake miƙa masa ranar fidda gwani yake ganin haƙƙinsa ne. Ina tausaya masa a nan, amma da wannan kuɗin ne ake sayen kujerar da za a zauna a kanta shekara huɗu ba a waiwaye mu ba.

Maganarsu ta cewa waya ba ta da ƙuri'a ma zaɓen 2023 ya ƙaryata ta. Peter Obi, wanda aka yi ta cewa magoya bayansa a intanet kawai suke, ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6, ya kuma kayar da Tinubu a Legas. A nan Kano kuma Kwankwaso ya samu 997,279 a jam'iyyar da ya shiga a 2022, don masu jar hula suna waya suna kuma kowane lungu, sun san ƙofar kowane gida.

Bayan wannan zaman na je na yanki katin jam'iyya a mazaɓarmu. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 na yi ejan a akwatin da ke firamaren bayan gidanmu, ban tashi ba sai da aka ƙirga ƙuri'a ta ƙarshe da fitilar waya. Yanzu mu bakwai ne daga cikin samarin nan muke zuwa taron mazaɓa. Ana ba mu bencin baya, wani lokaci a rufe taro ba a ba mu dama ba. A zaman da ya wuce na miƙe na nemi a karanta mana sunayen waɗanda ake shirin sakawa a jerin shugabanni kafin a kai sama. Shugaban mazaɓa ya dubi Kawu, Kawu ya ce, "A karanta masa, ɗan jam'iyya ne, yana da kati."