Wata na huɗu a kan teburin dalma: na ajiye bakin allura

Ƴan uwa masu koyon gyaran wutar mota, sannunku da ƙoƙari. Wannan makon na ɓata aiki, kuma laifin nawa ne.

Wata Corolla aka kawo garejinmu a nan Yamai, mitocin gabanta suna ɗaukewa suna dawowa. Maigida ya duba ya ce dalmar ƙafafun soket ce ta tsattsage saboda jijjiga, ya miƙo mini allon lantarkin mitocin. Na ɗauko ƙarfen dalmana mai wat 30 da na saya a Katako, mai baki siriri kamar allura, babu wurin ƙara zafi ko ragewa. Na ɗora, dalma ta ƙi narkewa. Na danna, na ƙara dannawa, sai ga ɗan zoben jan ƙarfen da ke kan allon, inda ake dalmace ƙafar soket, ya ɓamɓaro ya biyo ni. Maigida bai ce uffan ba. Karɓa ya yi, ya haɗa wurin da siririyar waya.

Sai bayan la'asar ya zaunar da ni. Ashe allunan mota suna da shimfiɗar jan ƙarfe mai faɗi a layin mas, wato layin negatif da ke haɗe da jikin mota, ita ke shanye zafi kamar yashi ya sha ruwa. Bakin allura kuwa ɗan wuri kaɗan yake taɓawa, zafin ba ya samun hanyar shiga. Ya ba ni nasa mai wat 60, mai baki faffaɗa irin na sukudireba, ya saita shi a digiri 350. Daƙiƙa uku, dalma ta kwanta tana sheƙi.

Ita ma dalmar iri-iri ce. Ta da, mai kashi 63 kuza da 37 dalma, a digiri 183 take narkewa. Sabuwar, wadda kusan zallar kuza ce da ɗan azurfa da jan ƙarfe, sai ta kai wajen 217, shi ya sa take da taurin kai. Man da masu gyaran famfo ke shafawa don dalma ta kama kuma kada ya kusanci allo: asid gare shi, zai ci layukan a hankali. Na ƙaro ake so, wato rozin.

Saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, na so in sayi ƙaramin ƙarfen dalman nan TS100, tunda yana aiki daga bolt 12 zuwa 24. Amma a batirin mota guda ƙarfinsa bai kai wat 20 ba; sai a 24 yake ba da wajen 65. Na dakata tukuna.

Abin da na saya dai igiyar hannu ce ta sauke tartsatsin jiki. Hunturu ya shigo, iska ta bushe, ko ƙofar mota ka taɓa sai ta ɗan ja ka, balle kwamfutar inji da tartsatsin zai iya lalatawa. Maigida ya tara mini matattun alluna biyar a kwali. Ya ce ba zan sake taɓa na mai mota ba sai na cire soket goma na mayar, babu zoben da ya tashi. Ina kan na uku.