Kiwon raƙuma a bayan Buraida

Wata na tara kenan a Saudiyya, muna wani azba, wato wurin kiwon raƙuma, can bayan garin Buraida, ni da wani dattijo ɗan Sudan da raƙuman kafilinmu, wato ubangidan da ya ɗauke mu aiki. Ni ɗan Abalak ne ta ƙasar Nijar, a gindin taguwa na tashi, don haka aikin bai ba ni wuya ba ko kaɗan, abin da ya dame ni kaɗaici ne da rashin jin Larabci, sai ka wuni ba wanda ka yi wa Hausa sai in ka samu netwok ka kira gida.

Satina na biyu na tatsi nono da asuba, da ɗuminsa da kumfarsa, na kai baki kamar yadda muka saba, sai dattijon nan ya riƙe min hannu ya ce a tafasa tukuna. Wallahi raina ya ɓaci, ni za a koya wa shan nonon raƙumi? Ashe korona yake gudu, ba wadda ta rufe duniya a 2020 ba, wata ce da ta riga ta, MERS, a Jidda aka fara gano ta a 2012 kuma daga raƙumi take tsallakowa jikin mutum. Mutum sama da 2,600 aka tabbatar sun kamu a duniya, mafi yawa a nan Saudiyya, kusan ɗaya cikin uku bai tashi ba. Har Koriya ta Kudu ta je a 2015 ta jikin matafiyi ɗaya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne raƙumin ba ya nuna komai, 'yar majina ce kawai, musamman 'yan taguwa ƙanana, su ne kuwa muke runguma kullum, ka buɗe masa baki ka ɗura magani ya yi maka atishawa a fuska ka share da rawani ka wuce. Kuma har yanzu cutar ba ta da allurar rigakafi. Tana fin kayar da masu ciwon suga da ƙoda da huhu, shi kuwa dattijon nan suga gare shi, shi ya sa yanzu duk ɗan taguwar da ke majina ni nake kamawa, da takunkumi da safar hannu, in gama in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa butar shayi.

'Yan'uwana masu wannan aiki, don Allah in zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi suka haɗu kar a tsaya shan Panadol, a je asibiti a faɗa wa likita da raƙuma ake aiki, na san wasu tsoron maganar igama, wato takardar izinin zama, ke hana su. Jiya na kira ƙanina na ce ya riƙa tafasa wa Inna nono, ita ma suga gare ta, ya ce ni Makka ta canza ni, na ce eh, dai a tafasa.