Ƙofa ɗaya na tsare, ashe fom ɗin ƙofofinsa da yawa

A kwamfuta na koyi rubuta manhaja, inda kowace taga ke da alamar X guda a kusurwa. Ka tsare nan, ka tambayi mutum ko ya adana aikinsa, shi ke nan. Da wannan tunanin na koma waya.

Fom ne na rajista mai shafi uku. Na sa X a saman allo, na haɗa masa tambaya: "Ka tabbata za ka fita?" Na gwada, lafiya lau. Bayan kwana biyu mai gwada mana manhajar ta turo saƙo, ranta a ɓace. Ta cike shafi biyu har da adireshi, ta ja yatsa daga gefen allo don ta koma ta gyara sunanta, komai ya tafi. Ko kusa da X ɗina ba ta je ba.

Laifina ne. Tun Android 10 wannan jan yatsa yana iya zama a madadin maɓallin komawa baya, ni kuwa shafukan uku a Activity ɗaya, wato allo guda a wurin Android, na zuba su, don haka wayar ta ɗauka fita take so. Na sa OnBackPressedCallback, wanda ke karɓar umarnin komawa baya, ya riƙa mayar da ita shafin baya, tunda onBackPressed da na saba da shi an yi masa ritaya a Android 13. A iPhone ma haka: tun iOS 13 ana jan irin wannan allo ƙasa ya rufe, sai dai in ka kunna isModalInPresentation, saitin da ke hana hakan.

Ƙofar da ta fi ba ni wahala ba ta da maɓalli ko kaɗan. Mutum ya leƙa saƙonni don kwafo lambar tabbatarwa, wayar ta ga wuri ya yi mata kaɗan a ƙwaƙwalwarta, ta kashe manhajar a bayan fage. Wa za ka tambaya a nan? Ko onDestroy, wanda Android ke kira in za a rufe allo, ba lallai a kira shi ba. Dole na koma adana abin da aka rubuta duk lokacin da aka bar wani gurbi, ban da kalmar sirri.

Tambayar nan ta "Ka tabbata za ka fita?" kuwa yanzu ba ta fitowa sai in an taɓa fom ɗin. Da, ko harafi ɗaya ba ka rubuta ba sai ta tare ka, har ni ta ishe ni.