Inna da gishirin miya

Tun da Innarmu ta haura shekara 70 take ƙorafin miya ta yi lami. A zuba mata miyar kuka da ta sha daddawa, ta ɗanɗana, sai ta miƙa hannu wajen gishiri. Ashe harshe da hanci ne suke yin sanyi da tsufa, kuma yawancin daɗin abinci ta ƙamshi ake jinsa. Ga ta da hawan jini, don haka yanzu citta da tafarnuwa muke ƙara mata.

Kunnen ne ya fi ba ni tausayi. Siririyar murya ce take fara ɓacewa, shi ya sa take jin maganata amma ta jikokinta sai ta bi ta bayan kunne. Yaro zai ce "Kaka, ina kwana?" sau biyu, ya gaji ya tafi, ita kuma ta ɗauka ba a gaishe ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka wuce shekara 60 suna da raunin ji mai takura. Ihu ba ya taimako. A kashe rediyo, a fuskance ta, a yi magana a hankali.

Idon da sauƙi, an cire mata yana, alhamdu lillahi tana zura zare a allura.

Ƙishirwa kuwa ba ta cika jinta ba ko a bazara, sai mun kai mata ruwa har tabarma mun tsaya ta sha.