Watannin da ke bayan allurar ido

Masu ciwon suga a nan Garwa sun fara sabawa da allurar da ake yi a cikin ido, kuma tana da amfani. Idan suga ya kumbura tsakiyar retina, wato shimfiɗar da ke can ƙuryar ido mai ɗaukar hoto, likita kan zuba maganin sitiroid irin su tiriyamsinolon, kumburin ya sauka, gani ya washe. Goggona an yi mata, har ta koma karanta Alƙur'aninta da asuba.

Amma maganin ba kumburi kaɗai yake kwantarwa ba, har da garkuwar idon. Yawancinmu muna ɗauke da ƙwayoyin bairos tun yarinta, irin su wata da likitoci ke kira CMV da ƙwayar ƙarambau, suna kwance a jiki ba sa komai. Da garkuwa ta yi rauni sai su farka su kama retina. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, sai dai ya fi samun tsofaffi da masu suga, kuma yakan ɗauki watanni, lokacin da kowa ya manta da zancen allura.

Haka ya zo wa Goggo cikin hunturu. Tana tsince shinkafa a faifai sai na ga tana ta kaɗa hannu a gaban fuskarta.

"Goggo, lafiya?"

"Ƙudaje ne suka dame ni, 'yar nan."

Babu ƙuda ko ɗaya a tsakar gidan. Maƙwabta suka ce ƙura ce, wata ta ce afolo ne, har aka kawo mata ɗan kwalbar ɗigo daga masu tallar magani. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don da yawan irin waɗannan ɗigon akwai sitiroid a cikinsu, ƙara wa wuta mai ke nan. Na hana a sa mata.

Likitan ido ya buɗe ƙwayar idon da magani ya leƙa ciki, tambayarsa ta farko ita ce yaushe aka yi allurar. Ya sa ta a kan gansikilobir, maganin yaƙar bairos. Inda ciwon ya riga ya ci ba ya dawowa, abin da ya rage ake ceto, kuma jinkiri na iya sa retina ta ɓalle.

In an yi wa naku allurar, ku adana takardar da ke ɗauke da sunan maganin da ranar. Ɗigo-ɗigon baƙi, hazo, ja ko zafi, ko bayan wata shida ne, ku koma wurin likitan ido da takardar a hannu, kada ku jira ranar da aka ba ku.