Ɗakin ɗaukar murya a cikin gida: abin da ke tare ƙara da abin da ba ya tarewa

Yawancin masu haɗa ƙaramin situdiyo a gida, mawaƙa ne ko sha'irai ko masu karanta littafi da talla, a kan soso suke fara kashe kuɗi. A manna soso ko kiret ɗin ƙwai tun daga ƙasa har silin, a rufe ƙofa, a kunna makirufo, sai ga ƙugin janaretan maƙwabta da hon ɗin Adaidaita Sahu sun fito raɗau a cikin abin da aka ɗauka. Ayyuka biyu ne aka cakuɗa. Hana ƙarar waje shigowa daban, gyara amon cikin ɗaki daban. Soso na biyun kaɗai yake taɓawa, shi ma sama-sama. Kiret ɗin ƙwai kuwa ko wannan bai cika yi ba, sai tara ƙura da kyankyasai.

Abu uku ne ke tare ƙara: bango mai nauyi, bango biyu da ba su taɓa juna ba, da toshe duk wata kafa da iska za ta bi. Duk lokacin da aka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi tana raguwa da desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara, dB a taƙaice) 5 zuwa 6. Kunne kuma sai an rage desibel 10 yake jin kamar an raba ƙarar biyu. Wannan ya sa bango ɗaya bai cika kai biyu masu tazara a tsakaninsu ba, ko da nauyinsu a haɗe ɗaya ne da nasa. Don haka abin da za a gina shi ne ƙaramin ɗaki mai bango biyu a cikin ɗakinka.

Kafin a kira kafinta

Ka zaɓi ɗakin ƙasa mai daɓen siminti, wanda bangonsa bai haɗu da titi ko kicin ko shagon markaɗe ba. Ka kafa makirufo a lokacin da ka saba aiki, ka ɗauki minti ɗaya ba ka ce uffan ba, ka saurara da abin sawa a kunne. In unguwarku tana yin tsit bayan isha'i kuma kana iya aiki da dare, wataƙila gyaran amo kawai kake buƙata, ka huta da rabin abin da ke ƙasa.

Janareta kuwa a waje ake maganinsa. Ƙananan janaretocin fetur suna juyawa sau 3000 a minti don su ba da wuta mai 50 Hz, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa. Sauti mai kauri irin wannan tsawon zangonsa, wato tazarar da yake ci a kaɗawa ɗaya, ya kusa mita 7, kuma ta ƙasa da jikin gini yake bi, ba ta iska kaɗai ba. Babu ɗakin katakon da zai kashe shi gaba ɗaya. A buɗaɗɗen wuri, duk ninka nisan da ka yi tsakaninka da janareta kana rage desibel 6 ba ka biya ko sisi ba. Ka matsar da shi ƙarshen gida, ka ɗora shi kan tsohuwar taya, in da hali ka koma kan inbata da batir lokacin ɗauka.

Girma

A nan ake yawan yin asara. Mutum ya gina akwati mai mita ɗaya kowane ɓangare don ya rage kuɗi, murya ta fito a cushe. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma tsakanin bango biyu masu fuskantar juna akwai amon da ke kai-komo yana ƙara ƙarfi. Ana gano shi ta raba 343 da ninkin tazarar. Mita 1.2 yana ba da 143 Hz, wanda ke tsakiyar muryar namiji, tunda ita tushenta tsakanin 85 ne da 180 Hz. In tsawo da faɗi suka zo ɗaya, amon biyu sun hau kan juna, matsalar ta ninku.

Ma'aunin ciki da ya dace a fara da shi: faɗi mita 1.5, tsawo 1.8, bisa 2.2. Daga waje zai ci kusan mita 1.9 da 2.2 na ɗakinka. Kada ka yi ƙasa da haka, domin kayan gyaran amo za su sake cin santimita 10 a kowane bango.

Bangon

Mafi sauƙi a gidajenmu na bulo shi ne a yi ginin a kusurwar ɗaki, bangon gida biyu su zama rigar waje. Ka tabbata an yi musu filasta, don bulon da ba a shafe ba iska tana ratsa shi. Sai a kafa firam na katakon tu-bai-tiri, santimita 3 zuwa 5 nesa da bulon, ginshiƙai kowane santimita 60. Ko ƙusa ɗaya kada ta haɗa firam ɗin da bango. A cika tsakanin da audugar dutse, wadda a kasuwa ake nema da sunan Rockwool, ko audugar gilashi, a saka ta sakwa-sakwa ba a danne ba. Daga nan a rufe fuskar ciki kaɗai da allon jifsam mai kaurin milimita 12, irin na masu aikin silin, hawa biyu.

Sauran ɓangarori biyu da ke kallon ɗaki firam biyu-biyu ake yi musu, da tazarar santimita 2 ko 3 a tsakani, allo hawa biyu a fuskar ciki, hawa biyu a fuskar waje, auduga a tsakiya. Rufin ma biyu ne: na ciki ya zauna kan firam ɗin ciki, na waje kan firam ɗin waje da bulo. Kada ka dogara da silin gida, musamman in kwano ne a sama, don da damina ta nan ruwan sama zai shigo maka cikin waƙa.

Kafinta zai so ya rufe bayan firam ɗin ciki da wani allo "don ya ƙara ƙarfi". Hana shi. Bango biyu da iska a tsakani kamar ganga suke, ka bugi fata ɗaya ɗayar ta amsa, kuma akwai amon da suke wucewa da shi salin-alin. Allo ɗaya-ɗaya da tazarar santimita 2 wannan amon yana wajen 200 Hz, daidai inda murya take. Allo biyu-biyu da tazarar santimita 17 tsakanin allon ciki da na waje yana sauka ƙasa da 50 Hz, inda ba zai dame ka sosai ba. Allon da aka cusa a tsakiya yana raba babbar tazara zuwa ƙanana biyu, ka kashe ƙarin kuɗi ka samu bangon da ya fi na farko barin ƙara mai kauri ta wuce.

Wajen ɗora hawa na biyu, mahaɗarsa kada ta faɗa kan mahaɗar na farko. Kowace mahaɗa da kowace kusurwa a cike ta da silikon ko wani abin liƙi da ba ya bushewa ya tsage. A bar rata ta milimita 5 tsakanin allo da daɓe, a cike ta da silikon, saboda jifsam ba ya shiri da ruwan goge ɗaki. Ƙarƙashin katakon da ke kwance a ƙasa a shimfiɗa roba.

Allo mai mita 1.2 da 2.4 za ka ci kimanin 25, har da na ɓarnar yanka. Nauyinsu kaɗai ya haura kilo 500, ban da katako da ƙofofi. Wanda ke bene sai ya tambayi injiniya kafin ya ɗora wannan kan daɓen benen. Katako kuma ya zama busasshe, a shafa masa maganin gara. Ɗanyen katako yana tsukewa da hunturu, mahaɗai su buɗe, aikin silikon ya tashi a banza.

Daɓe ba ya buƙatar wahala in siminti ne a ƙasa. Kafet mai kauri ya isa.

Ƙofa

Duk ƙoƙarin da aka yi a bango, ƙofa ce ke yanke hukunci. In kafar da ke buɗe ta kai kashi 1 cikin 100 na faɗin bango, ba za ka taɓa rage fiye da desibel 20 ba, ko da bangon na kankare ne. Ratar da ake bari ƙarƙashin ƙofar ɗaki ta isa ta yi babbar ɓarna.

Ƙofar kasuwa mai rami a ciki ba ta da amfani a nan. A haɗa allon MDF, na garin katako da aka matse, mai milimita 18 guda biyu da gam da sukuru. Mai faɗin santimita 80 da bisan mita 2 za ta haura kilo 40, don haka hinji huɗu masu ƙarfi. Ƙofofin biyu ne, ɗaya a firam ɗin ciki, ɗaya a na waje, kuma firam ɗinsu kada ya haɗu, in ba haka ba ka mayar da bangon biyu ɗaya. A zagaye kowacce da robar ƙofar mota a ɓangarori huɗu, har da dokin ƙofa mai ɗan tudu da za ta danna a kai. Sakatar ta zama mai jawo ƙofa ta matse robar, kuma dole a iya buɗe ta daga ciki.

Gwajin ba wuya. Rufe ƙofar a kan takarda ka ja. Inda ta zare ba gardama, nan ƙara ke bi. Da dare kuma a kashe wutar ɗaki, wani ya shiga da tocila ya bi gefe-gefe, kai kana waje kana duba inda haske ya leƙo.

Taga kuwa shawarata a bar ta. Ƙaramar kamara da allon kallo sun fi araha kuma ba sa huda bango. In ta zama dole, gilashi biyu masu kauri daban-daban, milimita 6 da 10, kowanne a nasa firam ɗin.

Wayoyi su shiga ta bututu ɗaya, hudar ciki da ta waje kada su saitu, a toshe bakinsu. Soket a ɗora shi kan allo, kada a fafe masa rami. Wayar makirufo ta yi nesa da wayar wuta, in dole su haɗu su gitta juna, kada su jera, don kada ƙugin 50 Hz ya shiga.

Iska

Ɗakin da ya toshu yadda ake so, iska ma ba ta shiga. Wannan ɗakin bai kai lita 6000 ba, mutum kuma yana fitar da kusan lita 20 na iskar kabon a awa. Cikin minti goma sha wani abu iskar ta fara nauyi, a hankali kai ya ɗau ciwo, numfashin mai waƙa ya gajarce. Jikin mutum a zaune yana fitar da zafin kusan wat 100, ka haɗa da zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Yamai.

Mutum ɗaya yana buƙatar kimanin lita 10 na sabuwar iska a daƙiƙa. Kafa biyu ake yi, ta shiga a ƙasa, ta fita a sama ta ɗaya ɓangaren, kowacce da akwatin kashe ƙara: akwatin filawud mai tsawon kusan mita 1, da shinge uku a ciki da ke tilasta wa iska lanƙwasa, an lulluɓe cikinsa da auduga santimita 5 da ƙyalle a kai. Bututu ya zama mai faɗin santimita 15. A wannan faɗin iskar tana tafiya a hankali, ƙasa da mita 1 a daƙiƙa, makirufo ba ya jin ta. Siririn bututu shi ke sa huci. Fanka tana can ƙarshen bututun fita, a waje, rataye da roba. Na'urar sanyaya ɗaki a babban ɗakin take zama, ƙaramin ya sha daga can. Bakin shiga a sa masa matacin ƙura saboda hunturu.

Gyaran amon ciki

Sai yanzu aka zo inda mutane ke farawa. Abu mai laushi yana shanye sauti da kyau ne in kaurinsa ya kai rubu'in tsawon zangon sautin. Soson santimita 5 ƙarfinsa daga wajen 1700 Hz ne zuwa sama. Yana kwashe siririn sauti, ya bar mai kauri yana yawo, shi ya sa ɗakunan soso suke fitar da murya a dushe. Audugar dutse mai nauyin kilo 45 zuwa 60 a kowace kubik mita, kaurin santimita 10, ta fi shi nesa ba kusa ba. A yi mata firam na santimita 60 da 120, a rufe bango da rufi kusan duka, a ninka kaurin a kusurwoyi da kuma bayan mai waƙa, domin can makirufo ke kallo.

Ƙyallen rufi ka gwada shi da baki. Ka hura, in iska ta wuce ya yi. Buhun algarara yana wucewa, shadda mai sheƙi da leda ba sa wucewa. Wajen yanka auduga a sa safar hannu da takunkumi, tana ƙaiƙayi.

Akwai wani dalilin gudun soson katifa. Yana kama wuta nan take, hayaƙinsa kuma guba ne. A Fabrairun 2003, a wani gidan rawa mai suna The Station da ke jihar Rhode Island a Amurka, soson da aka manna a bango don rage ƙara ya kama wuta, mutum 100 suka rasu. Audugar dutse ba ta ci da wuta. Fitila a sa LED marar na'urar rage haske, kwamfuta kuma ta zauna a waje ita da fankarta.

Makirufo kada ya tsaya daidai tsakiyar ɗakin, kada kuma ya manne da bango. Baki ya kasance santimita 15 zuwa 20 daga gare shi, da matacin numfashi a tsakani. Saita ƙarfin ɗauka yadda kake waƙa, ka kunna fankar iska, ka yi shiru na daƙiƙa 30, ka duba mitar da ke nuna ƙarfin sauti. Dandalin ACX na littattafan saurare ba ya karɓar aikin da ƙarar bayansa ta haura -60 dB, ma'auni ne mai kyau ko da waƙa kake yi. In ba ka kai ba, kashe fankar ka sake aunawa. In lambar ta faɗi, laifin akwatin iska ne, a ƙara masa tsawo ko a rage gudun fanka. In ba ta motsa ba, koma kan robar ƙofa da takardarka.