Abin da shata iyakar dausayi ya koya mini a Dagona

Wanda bai taɓa shiga aikin ba zai ɗauka cewa iyakar dausayi ita ce bakin ruwa, sai ka bi gaɓa riƙe da na'urar GPS mai nuna matsayin wuri kana sa alama a taswira. A mafakar tsuntsaye ta Dagona da ke ƙasar Bade a Jihar Yobe, wadda take cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi kuma ta shiga jerin wuraren Ramsar, wato dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, a 2008, wannan tunani ba ya kai mutum ko'ina. Ruwan da ya shafe fadama a ƙarshen damina yana janyewa sannu a hankali, har a watan Maris ka taka busasshiyar laka mai tsage-tsage a inda masunta suka tuƙa kwalekwale watanni kaɗan da suka wuce.

Hanyar da aka koya mana a aji ta samo asali ne daga littafin jagora da injiniyoyin sojan Amurka suka fitar a 1987, wanda ya ce a nemi shaida uku kafin a kira wuri dausayi: ruwa, tsirrai da ƙasa. Tsirrai su ne mafi saurin karantawa. Bado da kachala suna cikin ruwa, giyayya da gabaruwa suna jure tsayuwa a ambaliya, aduwa kuwa ta fi son tudu. A jikin gabaruwa ma akan ga zoben laka da ya bushe, da tarkacen ciyawa maƙale a rassan ƙasa, alamar inda ruwa ya kai a cikarsa ta ƙarshe.

Amma ƙasa ce ta fi koya mini haƙuri. Ana jan layi daga bakin ruwa zuwa tudu, ana haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye a kowane 'yan taku, a ɓantaro curi a fasa shi da hannu tun yana da danshi. Inda ruwa ya saba daɗewa, iska ba ta shiga ƙasa, sai sinadarin ƙarfen da ke cikinta ya narke ya bar ta da launin toka. Inda ruwa ke zuwa yana komawa, za ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa a cikin tokar, musamman a jikin ƙananan hanyoyin da saiwa ta bi. Wani ramin har warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Kana matsawa tudu launin yana sauyawa zuwa ja-ja, yashi na yawaita, kuma tsakanin ramin ƙarshe mai toka da na farko mai ja ake kafa turken iyaka.

Abin da littafin bai shirya ni dominsa ba shi ne cewa ƙasa tana riƙe da tarihin ruwan da ya daina zuwa. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke gangarowa a kogin Haɗeja mai shayar da fadamun wannan yanki, suka rage girman ambaliyar shekara-shekara. Ruwan da ake saki da rani kuma ya ba kachala damar yaɗuwa har ta toshe wasu hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi wasu wurare. Saboda haka akwai fili mai ƙasa toka-toka da ruwa ya daɗe bai taka ba, akwai kuma gonar jiya da ta zama tabki alhali ƙasarta ba ta riga ta nuna ba. A nan ne shaidu uku suke saɓa wa juna, kuma hoton tauraron ɗan Adam na shekara guda ba ya raba gardamar.

Masu raba ta su ne dattawan gari. Wani tsohon masunci ya kai ni gindin wata goruba, ya ce: "Ɗana, da can nan muke ɗaure jirgi, yanzu ko a shekarar ruwa ba ya kawowa nan." Na haƙa a wurin na sami toka da tsatsa kamar yadda maganarsa ta nuna. A ganina, duk mai wannan aiki da ya fita daji bai fara zama da mai unguwa, masunta da makiyaya ba, ya bar rabin bayanansa a baya. Kuma su ne layin iyakar zai shafa, domin shi zai nuna inda za a hana noman rani, inda shanu za su sauka mashaya, da inda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu za su sami sararin kiwo.

Tun daga lokacin nake zana layi biyu a taswira, ɗaya na inda ruwa ke kaiwa a yawancin shekaru, ɗaya na babbar ambaliya, in rubuta watan da shekarar da aka yi awon, in kuma nuna da alama dabam wuraren da ƙasa da tsirrai suka saɓa, domin wanda zai zo bayana ya san ramukan da ya kamata ya sake haƙawa.